A Raɗa wa Shekara Suna: Jigo Guda Ya Fi Alwashi Goma

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan reshenmu, shugaban wata makarantar firamare, ya gabatar a taronmu na farkon shekara. Mun buga shi yadda ya karanta, bisa roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.

 Barkanmu da ganin sabuwar shekara, barkanmu kuma da komowa zango na biyu lafiya.

Da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ake so in yi magana a kan ƙudurorin sabuwar shekara, sai da na yi murmushi ni kaɗai, domin da ana ba da lambar yabo ga wanda ya fi kowa karya alwashi, da yanzu tawa tana rataye a bangon ofishina. Na karɓi gayyatar ne saboda wanda ya sha faɗuwa a hanya shi ya fi sanin inda ramukanta suke.

Ga wani tsohon littafi a hannuna. Shekara da shekaru, duk watan Janairu nakan buɗe sabon shafi in jera abubuwan da na sha alwashin yi. Bari in karanta muku na 2023, amma ku yi mini dariya kaɗan-kaɗan. Na ɗaya, zan riƙa ajiye naira 10,000 duk wata ba fashi. Na biyu, ba zan ci bashin kowa ba. Na uku, zan karance littafi guda kowane wata. Na huɗu, kowane malami a makarantata zai kammala manhaja kafin jarrabawar zango na uku. Na biyar, zan riƙa isa makaranta ƙarfe 7:15 kullum.

Kun san abin da ya biyo baya, tun da tare muka sha shi. Watan Fabrairu bai ƙare ba sai da canjin takardun kuɗi ya sa muka riƙa kwana a layin banki, muna biyan kuɗi kafin mu karɓi albashinmu a hannun masu POS. Alwashi na biyar ya faɗi a nan. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, farashin hatsi da na mota suka bi ta a guje. Kafin ƙarshen Yuni na cinye abin da na tara, na kuma karɓi bashin masara wurin mai shagon unguwarmu. Na ɗaya da na biyu suka tafi tare. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na uku. Karatun littafi ba ruwansa da farashin mai, littattafan ma suna nan a kan kanta, amma da na ga sauran sun rushe sai na ji kunyar buɗe wannan shafi, na rufe littafin alwashin gaba ɗaya, karatun ma na watsar da shi. Sai da Disamba ta zo na sake taɓa shi.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya taɓa bin diddigin mutum 200 da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara, har tsawon shekara biyu. Bayan mako guda kashi 77 cikin 100 suna nan a kan bakansu. Bayan shekara biyu saura kashi 19. Waɗannan fa mutane ne da albashinsu ba ya makara. To ina ga malamin da bai san ranar da wata zai yi masa ba?

Na zauna na duba inda gizo ke saƙar, na ga aibi uku a irin alwashin da muke sha. Na farko, alwashi ba shi da tsaka-tsaki: ko ka cika ko ka karya. Wanda ya ce zai ajiye 10,000 ya ajiye 7,000, a ma'aunin alwashi ya faɗi, alhali ya fi wanda bai ajiye ko kwabo ba. Na biyu, muna ɗora shi a kan abin da ba ya hannunmu. Ranar biyan albashi ba mu muke sa ta ba. Takardar canjin wurin aiki ba ta neman shawararmu. Wa ya rubuta a littafinsa na Janairun 2020 cewa za a rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona, yawancin yara ba za su koma aji ba sai wajen Oktoba? Na uku, muna yawaita su. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa biyar muke cusawa a baki lokaci guda.

Shawarar da na zo da ita a yau ta samo asali ne daga wata al'ada da muka tarar wurin iyayenmu. Ku tambayi tsohuwa a ƙauye yaushe ta haifi ɗanta na fari, ba za ta ba ku lamba ba. Za ta ce shekarar zuwan Sarauniya, wato 1956. Ko shekarar canjin hannu, da motoci suka koma dama a 1972. Ko shekarar canjin kuɗi, da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Dattawan da ke zaune a sahun gaba, da yawansu idan an tambaye su yaushe suka fara aiki sai su ce shekarar UPE, wato 1976. Larabawa ma haka suke yi kafin a tsara kalandar Hijira a zamanin Halifa Umar, shi ya sa har yau muke jin Shekarar Giwa. Suna guda yakan ɗauki shekara sukutum, ya zauna a ƙwaƙwalwa. Sai dai duk waɗannan sunaye bayan shekara ta wuce aka raɗa su, kuma abin da ya auko wa mutane ne ya raɗa. Ni roƙona shi ne mu riga aukuwa: tun shekara tana jaririya kowannenmu ya raɗa mata sunan abin da yake so ta zame masa.

Wannan suna shi nake kira jigo. Malaman Hausa da ke cikinmu sun san kalmar, kullum suna koya wa ɗalibai cewa jigo shi ne saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kansa, komai yawan baitoci da babi-babi. Waɗanda suka tashi kusa da fadama kuma sun san jigon lambu: gimshiƙinsa a kafe yake, ba ya motsi, amma sandar da ke ɗauke da guga tana sunkuyawa tana miƙewa gwargwadon zurfin ruwa. Haka nake so shekararmu ta kasance. Kalma ɗaya ko biyu a kafe, kamar Karatu, ko Lafiya, ko Fita Daga Bashi, ko Ƙaro Ilimi, sannan manufofin da ke ƙarƙashinta su riƙa hawa da sauka gwargwadon hali. Abin ma ba baƙo ba ne a gare mu. Tun 1994 ake bikin Ranar Malamai ta Duniya duk 5 ga Oktoba, kuma kowace shekara da jigonta; ba a aiko wa kowace ƙasa jerin abin da za ta yi ba, kowa yakan warware jigon daidai da halin da yake ciki.

Amfanin jigo shi ne yana yi wa mutum alƙalanci a lokacin da bai zata ba. Alwashi yana magana ne a kan abin da aka rubuta kawai, ya yi shiru a kan sauran. Jigo kuwa yana bin ka kasuwa. Idan shekararka ta Fita Daga Bashi ce, ranar da aka kawo maka ankon biki, ko mai waya ya ce ka ɗauka ka biya a hankali, ba ka bukatar duba littafi. Sunan shekarar zai ba ka amsa. Idan kuma ka yi tuntuɓe a watan Yuni, shekarar ba ta canza suna ba, Yuli na nan tafe a ƙarƙashin jigon nan dai.

Na san akwai mai cewa a ransa: Malam, wannan ai buɗe wa lalaci ƙofa ne, wanda bai ɗaure kansa da adadi ba, a ƙarshen shekara zai ce ya yi iya ƙoƙarinsa alhali bai tsinana komai ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Masana biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru suna nuna cewa manufa takamaimiya mai ɗan wuya ta fi sa mutum aiki a kan a ce masa ya yi bakin ƙoƙarinsa kawai. Saboda haka jigo shi kaɗai bai isa ba, kamar yadda manhaja ita kaɗai ba ta koyar da aji sai an fasa ta zuwa tsarin aikin zango da shirin darasi. Ga yadda nake fasa nawa.

Kowace manufa nakan yi mata ƙasa da sama. Ƙasa ita ce mafi ƙanƙantar abin da zan yi ko da watan ya zo da gardama. Sama ita ce abin da nake fata idan al'amura sun daidaita. A maimakon in ce naira 10,000 duk wata, sai in ce daga 2,000 zuwa 10,000. A maimakon littafi guda a wata, sai in ce daga shafi biyu a rana zuwa babi guda. Sama tana iya sauka, amma ƙasa ba a taɓa ta. A nan ne horon kai yake. Wanda ya zaɓi ƙasar da ta yi daidai da ƙarfinsa ba shi da uzuri ranar da ya tsallake ta, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Sannan nakan tanadi amsar matsala tun ba ta zo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna a kan wannan dabara: mutum ya ƙulla niyyarsa da wani yanayi, ya ce idan kaza ya faru, to zan yi kaza. Idan albashi ya wuce goma ga wata bai shigo ba, to zan koma ƙasa, in cike giɓin a wata mai zuwa in da hali. Idan aka ɗauke mini malami aka haɗa aji biyu, to darasin karatu na safe shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Manomi ya riga mu sanin wannan. Jigonsa kullum guda ne, rumbu ya cika. Amma idan ruwa ya yi jinkiri shukar gero ta ƙone, ba ya naɗe hannu ya ce bana ta ɓaci. Yakan sake shuka, in lokacin gero ya ƙure ya zuba wake.

Abu na uku shi ne bita. Mu malamai Allah ya hutar da mu neman lokacin yin ta, tun da shekararmu a rabe take gida uku. Yadda muke cike katin sakamakon yara a ƙarshen kowane zango, haka ya kamata mu ware sa'a guda mu cike namu: me ya yiwu, me ya gagara, me za a rage, me za a ƙara. Tsawon zango kuma ya dace da abin da bincike ya nuna. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a da ke Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da wani sabon hali, suka ga a tsaka-tsaki yakan ɗauki kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 sun ishe su, wasu sai sun kai 254. Sun kuma lura cewa tsallake rana guda ba ya rushe abin da aka gina. Ku ƙirga ranakun karatu a zango mai mako 13, za ku sami 65. Ke nan hali guda a zango guda ya isa, kuma wanda ya yi fashin Talata ya dawo Laraba bai yi asara ba.

Bari in ba ku labarin yadda abin ya kasance a makarantarmu, don kada a ce na zo da zance ne kawai. Bayan abin da ya same ni a 2023, na tara malamaina a farkon shekarar karatu na ce bana ba zan tambayi kowa ko ya kammala manhaja ba kafin in tambaye shi yara nawa ne suka iya karatu a ajinsa. Muka raɗa wa shekarar suna Karatu. Ƙasa ita ce minti goma sha biyar na baƙi da wasali da haɗa gaɓa kowace safiya, a kowane aji daga ɗaya zuwa uku. Sama ita ce kowane ɗan aji uku ya karanta shafi guda na Hausa ba tare da an ɗora masa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. Ajinmu na uku ya ninka haka har da ɗoriya. A tsakiyar zango na biyu aka ɗauke mana malama guda ba a kawo madadinta ba, a zango na uku iska ta yaye rufin aji ɗaya muka koma gindin darbejiya. Da alwashi muka sha, da nan ya mutu. Sai muka sauke sama, muka raba yaran rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya iya, waɗanda suka fara karatu suna jan na baya, minti goma sha biyar ɗin nan kuwa ba mu taɓa barin ta ba.

Ba zan ce muku duka sun iya ba. Akwai waɗanda suka shiga aji huɗu suna tuntuɓe a kan haruffa masu ƙugiya, kuma suna raina har yanzu. Amma wata safiya wani dattijo ya zo ofishina riƙe da hannun jikarsa. Na ɗauka ƙara ya kawo. Ashe takardar gayyatar ɗaurin aure aka aiko masa, yana shirin fita neman mai karanta masa, yarinyar ta karɓa ta karanta masa rana da wuri da lokaci. Ya ce ya zo ne ya ga malamin da ya yi wannan aiki. Na kira malamar ajin, ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi. A shekaru kusan talatin da na yi ina jera alwashi, babu wanda ya taɓa kawo mini baƙo irin wannan.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba in yi, tun da a zauren ƙungiya nake magana. Kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ce matsalar malamai rashin tsari ce, kowa ya je ya gyara kansa. Ban faɗa ba. Sassauci a kan abin da ke hannunka hikima ce. Sassauci a kan haƙƙinka kuwa sakaci ne. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024. An yi dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65 na haihuwa ko 40 na aiki a 2022. Ko waɗannan sun isa ga malamin firamare da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ko ƙarin girma yana zuwa da kuɗinsa, ko wanda ya yi ritaya yana samun fanshonsa da ransa, ba abubuwa ne da mutum ɗaya zai rubuta a littafinsa ya cika ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka ne magabatanmu suka kafa wannan ƙungiya a 1931. Amfanin raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka shi ne ka daina zargin kanka a kan laifin da ba naka ba, ka kawo shi nan inda za a iya ɗaukarsa tare.

Saboda haka ina ba shugabanni shawara, reshen nan ma ya raɗa wa shekararsa suna. Mun saba tashi daga taro da ƙudurori goma sha biyu, a buga su a takarda, badi a sake karanto su kamar ba a taɓa ji ba. Mu gwada ɗaukar abu guda bana. In mun ce shekarar Ƙarin Girma ce, to ƙasa ita ce kafin hutun zangon nan a tattara sunan duk malamin da ya wuce lokacinsa a mataki guda, makaranta-makaranta, da takardunsa. Sama ita ce a ga kuɗin a albashi. A kowane taro sakatare ya fara da inda aka kwana a kan wannan kafin a shiga wani batu. Zaɓin naku ne, misali kawai na bayar.

Ku kuma 'yan'uwana, musamman ƙannenmu da ba su daɗe da shiga aikin ba, ina roƙonku abu kaɗan. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya sami wuri shi kaɗai ya tambayi kansa: wane abu guda ne in ya gyaru bana, sauran za su yi sauƙi? Ya rubuta shi a bangon littafin shirin darasinsa, inda zai gan shi kullum. A ƙarƙashinsa ya sa manufa biyu, in ta yi yawa uku, kowace da ƙasanta da samanta. Ya faɗa wa abokin aiki guda da zai tambaye shi a ƙarshen zango ba tare da kunya ba. Wanda Janairu ta zo masa a hagunce kada ya damu, mu masu sabuwar shekara uku ne: ga Janairu, ga Muharram, ga Satumba da ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Kowacce ka kama ta isa mafari.

Tun da na karanta muku abin kunyata, bari in karanta muku shafin bana. Kalma ɗaya ce a samansa: Miƙawa. Ritaya ta fara leƙo ni, ina so kafin in ajiye alli in ga akwai malamai biyu a makarantarmu da za su riƙe darasin karatun safe ko ba na nan. Ƙasa ita ce in zauna a ajin ɗayansu sau ɗaya a mako. Sama ita ce su biyun su horar da wasu. Shugaba, ka rubuta wannan, ka tambaye ni a gaban jama'a a taron ƙarshen zango.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure ku yafe mini, ku kuma gyara mini. Allah ya ba mu shekara mai albarka, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya shirya mana yaran da aka ba mu amana.